Kafin Ka Sayi Tayil, Duba Abin da Ke Ƙarƙashinsa

Yawancin masu gini sai an yi rufi, an yi filasta, kuɗi sun kusa ƙarewa, sannan suke tunawa da ƙasan ɗaki. Daga nan sai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, a tsaya gaban tayil ɗin da ya fi ƙyalli a ce a ɗauko kwali kaza. Bayan damina biyu sai ka ji wani wuri yana ƙarar ganga idan an taka, wani ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, gindin bango kuma ya yi fari fat da kanwa. Mai gida ya ce tayil ɗin jabu ne, mai shago ya ce laifin wanda ya sa ne. Sau da yawa dukansu biyu ba su faɗi daidai ba, domin ɓarnar ta faro ne tun ranar da aka yi ciko.

Saboda haka daga can ƙasa za mu fara.

Bayan an ɗaga harsashi, ramin da ke tsakanin bangaye ana cika shi da jar ƙasa ko burji. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a juye tifa guda a baje ta lokaci ɗaya, a ɗan tattaka sama a ce an gama. Ciko ana yinsa ne hawa-hawa: a zuba kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa, a daddale da inji ko da madaɓin ƙarfe, sannan a ƙara wani hawan. Ƙasar bola, ɓaraguzan da ke haɗe da leda da itace, da baƙar laka ba su da wuri a nan. Itace zai ruɓe ya bar rami, laka kuma tana kumbura da damina ta tsuke da rani. Mutanen Barno da ke gini a kan irin baƙar ƙasar nan ta yankin tafkin Chadi sun san yadda take darewa idan ta bushe, har mutum ya zura hannu a tsagar. A irin wannan wuri sai an kwashe ta daga cikin ɗaki an kawo wata, kuma a nemi injiniya ya faɗi ko kankaren na bukatar rodi ko ragar ƙarfe.

Idan ciko ya zauna, a fesa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta da aƙalla santimita 15, a ɗan ɗaga ta jikin bango. Wannan ledar da wasu ke gani kamar almubazzaranci ita ce ke tare danshin ƙasa. Idan babu ita, ruwa zai riƙa hawowa ta cikin kankare yana ɗauke da gishirin ƙasa, ya bushe a sama ya bar farin garin nan da ke cin fenti yana warin ruma a cikin kafet. Gyaran wannan bayan an tare a gida yana nufin a fasa ɗaki gaba ɗaya.

A kan ledar ake zuba kankare, kaurin santimita 10 aƙalla, da haɗin 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A lissafin wurin aiki, buhun siminti mai kilo 50 kwanon gini biyu ne, don haka buhu ɗaya zai ɗauki yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zai ci buhu 8 zuwa 9. Idan birkila ya ce maka buhu 5 sun isa, to ko dai kaurin zai rage ko ya cika yashi. Sannan a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan da ke cikinsa ne ke haɗuwa da shi ya zama dutse, kuma yana kai kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. A zafin watan Afrilu ko iskar hunturu, kankaren da ba a jiƙa ba zai ƙone a sama cikin yini guda, ka goga ƙafa ka ga gari yana tashi. Kuma kankare yana ɗan tsukewa a makonnin farko. Wanda ya manna tayil a kai bayan kwana uku ya ɗaura tayil ɗin a kan abin da bai gama motsi ba.

Ga gwaji mai sauƙi kafin a ɗora komai: yanki leda kamar faɗin sallaya, manna gefunanta huɗu a ƙasa da salatif, a bar ta kwana ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, ƙasan bai shirya ba.

To yanzu me za a ɗora? Tambayar da ta fi "wanne ya fi kyau" amfani ita ce, me ake yi a wannan ɗakin? Mu a gidajenmu ƙasa wurin zama ce. A kai ake cin tuwo, a kai ake salla, a kai jariri ke rarrafe, a kai tsohuwa ke tafiya da ƙafa jiƙe bayan alwala. Abin da ya dace da falon baƙi bai dace da banɗaki ba, kuma babu dokar da ta ce gida duka sai iri ɗaya.

Tayil kashi biyu ne a kasuwa, ko da yake mai shago ba lallai ya rarrabe maka ba. Akwai na siramik, wanda bayansa yawanci ja ne ko ruwan ƙasa, mara nauyi, mai shan ruwa. Akwai kuma foselin, wanda aka gasa da wuta mai tsanani har ya daskare, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Juya tayil ka ɗiga ruwa a bayansa. Idan ya tsotse nan take, siramik ne. Idan ɗigon ya tsaya yana kallonka, foselin ne. Siramik ya isa ɗakin kwana inda zirga-zirga ba ta da yawa. Falo, baranda, kicin da hanyar shiga sun fi son foselin, domin yashin da ake shigowa da shi a takalmi yana aiki kamar sanfefa, yana cinye ƙyallin siramik mai arha a bakin ƙofa cikin 'yan shekaru. Wasu kwalayen suna ɗauke da lambar PEI daga 1 zuwa 5, wadda ke nuna yadda fuskar tayil ke jure takawa. Ta 1 da ta 2 a bar wa bango da wuraren da ba a cika takawa ba, ƙasan gida ya fara daga 3, wurin da jama'a ke yawan bi kuma 4. Tayil ɗin bango, irin mai santimita 25 da 40, kada a yarda a sa shi a ƙasa don ya rage a kwali. Siriri ne kuma santsi ne da shi.

Maganar santsi ba ta wasa ba ce, kuma a nan ne nake ganin an fi cutar da mutanen gida. Tayil mai sheƙi kamar madubi yana da kyau a hoto, amma idan ruwan sabulu ya zuba a kai ya zama tarko. Tsoho idan ya faɗi ya karya ƙugu ba kasafai yake komawa yadda yake ba, mai juna biyu kuma ba a fatan ta zame ko sau ɗaya. Banɗaki, wurin alwala, kicin, baranda da matakala duk a sa mara ƙyalli mai ɗan kaushi. Idan kwalin yana da lambar R, wadda ke nuna yadda tayil ke riƙe ƙafa, a nemi R10 ko R11. Idan babu, zuba ruwa a kan samfur a shagon ka murza da tafin hannu. A banɗaki ƙananan tayil, 30 da 30 ko ƙasa da haka, sun fi manya, saboda layukan tsakani suna riƙe ƙafa kuma sun fi sauƙin bin gangara. Gangarar kuwa santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa ga magudana, kuma ƙasan banɗaki ya sauka da kamar santimita 2 daga na ɗaki. Kafin mai aiki ya karɓi cikon kuɗinsa, a juye bokiti guda a kusurwa mafi nisa a tsaya a ga inda ruwan ya nufa.

Launi ma lissafi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko ta ina, kuma baƙin tayil mai sheƙi yana nuna sawun kowace ƙafa minti goma bayan an goge. Fari tas shi ma yana nuna gashi da ɗigon shayi. Ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, ko toka-toka mai ɗan zane su ne ke raga wa mai shara.

Wajen saye, auna ɗaki da mita. Ƙafa 12 da 12 daidai yake da mita 3.66 kowane gefe, wato murabba'in mita 13.4. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa, ya zama kusan 15. Tayil mai 60 da 60 yawanci guda 4 ne a kwali, murabba'in mita 1.44, don haka kwali 11. Idan za a yanka sikatin, wato siririn layin da ake zagaye gindin bango da shi, daga jikinsa, ƙara kwali ɗaya ko biyu. Idan a karkace za a jera shi, kashi 15 za a ƙara maimakon 10. Sannan duba lambar da ke jikin kowane kwali ta launi da ta gashi ɗaya. Tayil mai suna ɗaya da zane ɗaya, idan ba rana ɗaya aka gasa ba, zai iya bambanta a launi ko a girma da milimita ɗaya ko biyu, kuma ba za ka gani ba sai an jera a hasken rana. Ciro biyu daga kwali daban-daban ka haɗa su fuska da fuska. Idan suna lilo ko haske yana ratsa tsakani, a lanƙwashe suke. Kuma a ajiye kwali ɗaya a sito bayan an gama, domin ranar da famfo ya fashe aka fasa guda uku, da wuya ka sake samun irinsa a kasuwa.

Na Spain da Italiya sun yi suna, na China da Indiya da wanda ake yi a Najeriya kuma akwai mai kyau akwai na banza. Rubutun jikin kwali kaɗai ba hujja ba ne. Tayil na gida mai daraja ta ɗaya da aka sa da kyau ya fi na waje da aka ɗora a kan rami.

Sa shi kuma hanya biyu ce. Tsohuwar hanya ita ce a baje kwaɓin siminti da yashi, ɗaya da huɗu, kaurin kamar santimita 3, a zuba ruwan siminti mai kauri a kai, a ɗora tayil a bubbuga da gudumar roba. Ɗakin da muka auna zai ci buhu 3 zuwa 4. Wannan tana aiki da siramik, da sharaɗin a jiƙa shi a ruwa tukuna, in ba haka ba zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar shi gari. Foselin kuwa tunda ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama shi sosai, shi ya sa ake ganin manyan tayil suna ɓallewa bayansu fes kamar ba a taɓa manna su ba. Shi gam ɗin tayil yake so, wanda ke zuwa a buhu kamar siminti. A fara daidaita ƙasa ta bushe, a shafa gam da cokali mai haƙora, layukan su tafi gefe ɗaya don iska ta fita, a kuma shafa siriri a bayan tayil idan ya kai 60 da 60. Buhu mai kilo 20 yana rufe kamar murabba'in mita 4 zuwa 5. Kada a kwaɓa da yawa a lokacin zafi, kuma idan ya fara ƙanƙamewa a kwano a zubar, ƙara masa ruwa kashe shi ne.

Abin da za ka tsaya a kai da idonka shi ne kada a yi maka ɗori biyar, wato a ɗora dunƙulen kwaɓi a kusurwa huɗu da tsakiya a danna. Yana da sauri, yana rage siminti, amma sauran wurin fanko ne. Ranar da ƙafar gado ko tukunyar gas ta sauka a kan fankon, shi ke nan. Ka ce a ɗaga guda ɗaya da aka sa yanzu ka duba bayansa: ya kamata kusan ko'ina ya shafu. Washegari kuma ka bi ɗakin da makulli kana ƙwanƙwasawa. Mai kyau ƙararsa a toshe take, mai rami kuwa yana amsawa.

Akwai kuma sha'awar nan ta a haɗa tayil baki da baki don ya fito kamar shimfiɗa ɗaya. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 da rana a bazara, sanyin asuba kuma ya sauko sosai da hunturu, tayil da kankaren da ke ƙarƙashinsa suna buɗewa suna tsukewa, kuma ba daidai suke yi ba. Idan babu wurin numfashi, wata rana za a ji ƙara kamar an harba bindiga, a tarar layi guda ya tashi ya yi tozo a tsakiyar falo. Maganinsa arha ne: 'yan robobin tsakani masu siffar gicciye, milimita 2 zuwa 3 a cikin ɗaki, 5 a waje, da tazarar kusan santimita ɗaya tsakanin tayil na ƙarshe da bango, wadda sikatin zai rufe. Babban falo ko doguwar baranda da rana ke duka a bar layi ɗaya duk bayan 'yan mitoci a cike shi da silikon maimakon siminti. Cike layuka kuma sai bayan kwana ɗaya ko biyu, da garin da aka yi don haka. Farin siminti zalla yana tsagewa, kuma a kicin manja yana mayar da shi ja. Dogayen tayil masu zanen katako kada a jera su rabi da rabi kamar bulo, domin tsakiyarsu na da ɗan doro, bakin ɗaya zai tsaya sama da ɗaya. A goce da kashi ɗaya cikin uku.

Tarazo ya cancanci a sake duba shi. Shi ne ƙasan nan mai ɗige-ɗige da ke tsofaffin makarantu, asibitoci da gidajen gwamnati, wanda aka taka shekaru da dama bai gaji ba. Tsakuwar mabul ce ake kwaɓawa da siminti, a zuba kaurin kamar santimita 2 tsakanin siraran layukan roba ko gilashi da ke raba shi gida-gida don ya tsage a layi idan zai tsage, a jiƙa shi kwanaki, sannan a goge da inji daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi. Ba shi da ramin da zai fashe, yana da sanyi a ƙafa, kuma idan ya dusashe a sake gogewa ya dawo sabo. Matsalarsa aikin yana da caɓi da jinkiri, masu iya shi sun ragu, kuma dole a yi shi kafin fenti. Ga zaure, baranda, makarantar allo ko gidan haya, ni shi zan fara nunawa.

Mabul, wanda ake haƙowa a wurare irin su Jakura a jihar Kogi da Igbeti a jihar Oyo, dutse ne mai laushi duk da tsadarsa. Ruwan lemun tsami, tsamiya da zoɓo suna cin fuskarsa, lalle da manja suna shiga jikinsa. Shi da tarazo duka kada a kusance su da asid ɗin wanke banɗaki. Giranit ya fi mabul tauri nesa ba kusa ba, shi ya dace da matakala da bakin ƙofa.

Katako kuwa a Arewa sai mai shirin wahala. Yana tsukewa da hunturu ya buɗe baki, ya kumbura da damina, gara kuma tana jiransa. Na kwaikwayo da ake haɗawa da garin katako, ruwan goge ƙasa kaɗai ya isa ya kumbura masa gefe. Mai son wannan kamannin ya nemi tayil mai zanen katako ko na roba mai tauri da ake sarƙawa, shi ma sai ƙasa ta miƙe sumul kuma rana ba ta dukansa kai tsaye.

Wanda kuɗinsa bai kai tayil ba kada ya ji kunyar siminti. Kwaɓi ɗaya da uku, a murje shi da cokalin ƙarfe lokacin da ya fara kamawa, a jiƙa shi mako guda, zai yi santsi ya daɗe, kuma duk ranar da hali ya samu sai a sassare fuskarsa a ɗora tayil. Abin da ke ɓata shi shi ne barbaɗa busasshen siminti a kan ruwan da ya taso, wanda ke yin ɓawo ya riƙa ɓarewa. A kan irin wannan ƙasa ce ledar ɗaki ke zama lafiya. Idan akwai tsakuwa ko rami a ƙasa, nan ledar za ta fara hujewa, kuma idan akwai danshi za ta rufe shi ya yi wari. Kafet na bango zuwa bango yana tara ƙurar da tsintsiya ba ta fitarwa, abin da ke wahalar da mai asma. Darduma da za a iya naɗewa a kai waje a kakkaɓe ta fi shi, kuma ita ce maganin sanyin tayil a watan Janairu.

Tsakar gida kuma a bar ta daban. Nan ake daka, nan ake wanki, nan ake ajiye kurfoti da garwashi, kuma babu tayil ɗin da zai jure taɓarya. Iyayenmu da suke daɓe da burji da ruwan makuba sun san ƙasar tsakar gida duka take sha. Yau abin da ya fi kusa da wannan shi ne kankare mai kaushi da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye, a yanka shi gida-gida duk mita 3, ko kuma intalok mai kaurin santimita 6 a kan yashin da aka daddale, 8 idan mota za ta hau. A karkata shi ya bar jikin gini ya nufi rariya, ya kuma zauna ƙasa da dokin ƙofar ɗakuna da aƙalla santimita 15 don ruwan Agusta. Wurin turmi kuwa a ware masa kusurwa guda a bar ta ƙasa zalla, ko a binne guntun kututture daidai da fuskar daɓen a riƙa ɗora turmin a kai.